Mi Kake Biɗa a Bakin Gulbi?

Ka lura da bangon shagon mai aski. Ko na mai gyaran waya, ko na mai wankin hoto. A Maraɗi da wuya ka rasa hoton nan: ruwa na zubowa daga kan dutse, ciyawa shar a ƙasa, can baya wani tsauni da farar ƙanƙara a ka. Rana ta cinye kalarsa. Ƙudaje sun sa hannu a kowace kusurwa. Mai shagon bai san ƙasar ba, bai kuma damu ba. In ka tambaye shi sai ya ce Turai ce, ya ci gaba da kaɗa almakashi. Shekara da shekaru hoton na manne, ruwan bai taɓa ɗaukewa ba.

Namu ruwan yana ɗaukewa. Garin kuma a shimfiɗe yake. Ba dutse, ba tsauni, ba abin da mutum zai hau ya leƙo duniya sai benen wani Alhaji. Shi ya sa in baƙo ya zo daga Yamai ko Kano ya ce a kai shi ya sha iska, ya ga daji, mai masauki kan yi jim. Sai ya kai shi babbar kasuwa. Daga can wajen mai gasasshen nama. Kafin la'asar baƙo ya ƙoshi, jiki ya yi nauyi, ya bar maganar daji. An fita kunya.

Amma wuraren suna nan, maƙwabci. Gyara zama.

Gulbi na nan yamma da gari, ƙasan gangare. Daga ƙasar Katsina yake tasowa. Ya shigo Nijar ta kudu, ya bi ta Madarunfa, ya wuce Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya karkata ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Ba ya nuna takarda a iyaka, shiga ko fita. Zamansa da mu kamar na ɗan ci-rani ne: da damina ake ganinsa a gida, kaka na yi ya ɗaure kaya. Sauran watannin, abin da muke kira gulbi yashi ne. Fari, mai zafi, da sawun shanu a kai.

A wannan kwari tsohon garin yake. Katsinawan da jihadi ya kora suka kafa sarautarsu a nan wajen 1819, zamanin Ɗan Kasawa. Kwarin a lokacin kurmi ne, doki ba ya ratsa shi da gudu. Abin da suke so ke nan, ba kyan wuri ya kawo su ba. Suka zauna fiye da shekara ɗari, har damanar 1945 da ruwa ya taso ya ci gari. Turawan Faransa suka mai da mutane kan tudu, suka ja tituna miƙe. Tun daga lokacin Maraɗi ta ba gulbi baya. Dubi yadda unguwanni ke ƙaruwa, Zariya, Ali Ɗan Tsoho, duk nesa da ruwa suke tafiya. Ba ka ganin mai kuɗin da ya gina gida ya buɗe taga wajen gulbi. Abin da gari ke aika masa shi ne ruwan kwata da baƙar leda.

Da rani, in ka sauka, ba za ka same shi shiru ba. Amalanken shanu na lodin yashi, don rabin ginin da ake yi a kan tudu daga nan ake ɗibarsa. Masu tubali sun haƙa ramukan laka, sun shanya aikinsu layi-layi. Wani ya tona 'yar rijiya a tsakiyar yashin, ruwa ya tsattsafo, yana ban ruwan salati da gwangwani. Yara sun kafa raga da takalma biyu. A gefe itatuwan mangwaro sun haɗe kai, inuwarsu baƙa ƙirin, sanyinta na daban. Wurin na da kyau, ba na musu. Sai dai kowace inuwa da mai ita, yana zaune a gindi da adda kusa da ƙafa.

Sai wata rana cikin Yuli ko Agusta labari ya shigo gari: gulbi ya kawo. Wani lokaci ko ɗigo ba a yi a Maraɗi ba, sama tas. Can kudu aka kwana ana ruwa, mu muka wayi gari da shi. 'Yan kabu-kabu ne ke fara yaɗa maganar. Kafin hantsi gada ta cika. Dattawa sun goya hannu a baya, suna kallon ruwa ja mai kauri yana wucewa da kara da reshen itace da takalmi wari ɗaya. A iya sanina, ranar ce kaɗai Bamaraɗe ke barin shago ya je ya tsaya kallon abin da ba na sayarwa ba. Ba ta daɗewa. Kafin awa guda mai dafaffiyar gyaɗa ta iso, mai ruwan leda ya iso, mai rake ya jingine kekensa. Kasuwa ta ci.

Yara kuwa tuni sun tuɓe. Ba damanar da ba a ja musu kunne, ba damanar da suke ji. Da yamma kowa ya koma gida da jan ido da yashi a kunne, ya rantse ba wajen gulbi ya je ba.

Tsofaffi za su ce maka wannan ba ruwa ba ne. A da, in ji su, yakan malale fadama kaf, ya kwanta kwanaki, ya tafi ya bar sabuwar laka. Tun da aka gina madatsar Jibiya a ƙarshen shekarun 1980, sai abin da aka saki. Tsoho dai ba ya rasa abin da ya fi kyau a da, amma a wannan maganar rijiyoyin fadama na bayansa: igiyar guga ta ƙara tsawo. Wadda ba ta koka ba ita ce gaiwa. In tabki ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe, ta yi barcin watanni har ruwa ya dawo. Akwai masu zuwa kamunta a busasshiyar ƙasa. Ba ƙugiya, ba koma. Da fartanya.

To, gwada wani abu. Ka je bakin wata garka a Sumarana ko Tarna da la'asar, ka tsaya, ka zuba ido, kada ka yi komai. Ba za ka yi minti biyar ba wani dattijo zai ɗago daga cikin kabeji.

"Sannu Malam. Mi kake biɗa?"

"Ba komai, Baba. Kallo nake."

"Kallon mi?"

Nan maganar ke tsayawa, don ba ka da amsar da za ta shiga. Shi kuwa ya riga ya fara lissafi. Ko akuyarka ta ɓace. Ko ɗan froje ne kai, an aiko ka ka rubuta sunaye. Ko dillalin fili ne, kana auna gonarsa da ido. In ba ɗaya cikin ukun, to ciwo ne, Allah ya ba da lafiya. Zai tsinko maka tumatir biyu ya miƙa maka. Ba zai koma bakin aiki ba sai ya ga ƙeyarka.

Ban ga laifinsa ba. A ƙasar da ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 ba, tsanwa ba ta fitowa don kanta. Duk inda ka ga kore, wani ne ya sunkuya.

Jiratawa ce shaida. Kimanin kilomita 10 kudu da Maraɗi. Ka je cikin bazara, watan Afrilu, lokacin da ƙasa ta yi fari, iska na ƙona hanci, akuya na cin kwali. Kana cikin ƙura sai kawai ido ya faɗa kan kore, shimfiɗe har inda gani ya tsaya. Na farkon gani yakan ce subhanallahi. Ya dace ya ce. Bayan nan sai ya saurara, zai ji wani gunji ƙasa-ƙasa da ba ya yankewa. Famfo ne.

Gwamnati ce ta gyara wurin a farkon shekarun 1980, fili fiye da hekta 500, ƙarƙashin ONAHA, ma'aikatar da ke kula da noman ban ruwa. Ba daga gulbi ake jan ruwan ba. Daga ƙarƙashinsa ake zaƙulo shi, ta rijiyoyin burtsatse, da wutar lantarki, a zuba cikin magudanan siminti, su rarraba shi fage-fage. Kowa da ɗan yankinsa, kowa da ranar ruwansa. Wanda layinsa ya faɗo da dare, da dare zai fito da cocila. Ƙarshen kowane zango ƙungiyar manoma ta zo karɓar kuɗin ruwa, kuma mafi nauyin kuɗin na wuta ne. In wuta ta ɗauke famfo ya yi shiru. Baƙo zai ce yanzu wurin ya yi daɗi, ana jin kukan tsuntsu. Mai tattasai ba ya jin tsuntsun. Shi ya sa farantan hasken rana da ƙananan injunan fetur suka yi yawa a bakin fage.

Waɗanda suka tsara wurin auduga da alkama suka fi sa wa rai. Manoma suka saurara da ladabi, sannan a hankali suka shuka abin da kasuwa ke tambaya. Yau albasa ce, tattasai, tumatir, masara, ayaba, da yajin yawo mai ƙamshin da ke tare ka tun daga hanya. Sama da duka, zogale.

Zogalen Jiratawa abin tausayi ne in ka san zogale. A bayan gida itace ne, yakan wuce katanga, ya yi fure, ya yi 'ya'ya. A nan ba a bari. Yana kai ƙugu a sare. Ya tofo, a sare. Shekara da shekaru yana ƙoƙarin zama itace, ana mai da shi ganye. Mata ne ke zuwa da sassafe, su yi ciniki, su zauna a inuwa suna zage ganyen da yatsu, hira na tafiya, hannu bai tsaya ba. Wani a dafa, wani a shanya, a ɗura a buhu. Ya tafi Maraɗi, ya tafi Yamai, ya tsallaka iyaka. Kwaɗon da ka ci jiya da ƙuli-ƙuli, da wuya in ba daga wannan kwarin ya fito ba.

Masu yawon buɗe ido na gaskiya a Jiratawa balbelu ne. Farare tas, ba sa noma, ba sa biyan kuɗin ruwa. Ana buɗe wa fage ruwa za su sauka, su bi bakin ruwan a hankali suna tsintar ƙwarin da ya koro. Suna da kyau a hoto. Abin da hoton ba ya ɗauka shi ne warin fiya-fiya da aka fesa wa kabeji da safe, da yaron da ya fesa shi ba takalmi.

Hanyar Tsibiri daban ce. Ka fita ta kwaltar Yamai, tafiyar da ba ta isa mutum ya gyara zama a mota ba. Dama da hagu gonakin hatsi ne, cikinsu itatuwa jefi-jefi. Yawancin mutane ba sa ganinsu, don kullum suna nan. Ba kullum suke nan ba.

Fara da gawo. Itacen da ya saɓa wa kowa. Damina na sauka, duk daji na tofo, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, fari, sai ƙaya. Rani na shiga, kowa ya bushe, shi sai ya yi lif. Manomi bai taɓa tambayarsa dalili ba, don saɓanin ya yi masa daidai. Da damina ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen da ya zubar taki ne. Da rani dabbobi su kwanta a inuwarsa su ƙara wani takin, su ci 'ya'yansa masu lanƙwasa. Je ka duba da kaka. Zangarniyar gindin gawo ta fi ta tsakiyar gona kauri.

Wanda ya bi hanyar nan a farkon shekarun 1980 zai gaya maka fili ne fetal. An sassabe komai. Manomin kirki a lokacin shi ne mai gona tas, ba ko tsiro. Dokar daji ma ta taimaka: itace na gwamnati ne, in ka bar shi ya girma a gonarka ka jawo wa kanka ma'aikacin daji da tara. Gara a sare shi tun yana ƙarami. Iska ta samu hanya. Takan binne shuka da rairayi, a sake shuka, ta sake binnewa.

Akwai wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ta SIM a Maraɗi. Aikinsa dasa itace. Yana dasawa suna mutuwa. A 1983, a kan wata hanyar ƙauye, ya tsaya rage iskar taya don motar ta iya yashi, sai ya kula da wani ɗan kurmus a gefe. Ya duba ganyen. Ba ciyawa ba ce. Kututturen itace ne da aka sare, saiwarsa na raye a ƙasa, kowace shekara yana tofo, kowace shekara ana sassabe shi. Irinsa kuwa ba iyaka a gonaki. Dabarar ba ta da wuya: ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka datse sauran, ka bar su su tashi. Aka ce mata sassaben zamani. Da yunwar 1984 ta zo, wadda mutane ke kira 'Yar Buhari, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itace a gona. Mutane suka bari don hatsin. Da rabo ya ƙare da yawa suka sare. Waɗanda ba su sare ba suka ga matansu sun daina tafiyar rabin yini neman itacen girki. Maƙwabta suka leƙo.

Bayan shekara ashirin da wani abu masana suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, suka ce abin ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itace wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo babbar lambar yabo a Suwidin. Baƙi suka riƙa zuwa daga ƙasashe a farar mota don su ga dajin. Suna sauka sai su waiga, su sake waigawa. Ina dajin? Ga shi nan. Kalgo a nan, sabara can, aduwa, magarya, gawo. Tsakaninsu karan hatsi. Mai gonar na tsaye yana jiran a gama hoto ya datse reshe, don uwargida ta ce ba itace a madafa.

Ana nan kuma kowace 3 ga Agusta manya na dasa itace da babbar riga. A haƙa musu ramin, a miƙo musu ɗan itacen, a miƙo butar ban ruwa, a tafa. Sati na zagayowa jar akuya ta biyo ta wurin. Ita ma ba ƙaramar kowa ba ce, akuyar Maraɗi, fatarta ta yi suna har Turai, tana da cibiyar kiwonta a garin nan tun shekarun 1960. Ta san darajarta. Ba ta barin ko ganye ɗaya.

Tsibiri kanta Gobirawa suka kafa ta bayan yaƙin Gawakuke na 1836, zamanin Sarki Mayaƙi. Su ma kurmin gulbi suka bi, don dalilin da ya kawo Katsinawa. Baƙo in ya zo fada ake kai shi, a nuna masa ƙofar Sarkin Gobir, a ba shi labarin sarautar Inna. Ni sai in ce ya gangara fadama. A can manyan itatuwan suke, kanya da tsamiya waɗanda mutum biyu ba sa rungume su. Ka tambaya me ya hana a sare wata tsamiyar, alhali an sare na kewayenta. Ba za a ce maka doka ba. Za a ce tana da masu ita. Malamai sun yi wa'azi a kan wannan magana, an ji, an tuba. Har yanzu dai ba a samu mai gatarin da zai fara ba.

A wannan kwarin ne mahalba ke buɗin daji. Kafin a yi shi ba a fita farauta. Manyansu su taru, a yi abin da aka gada, a duba yadda shekara za ta kasance, sannan a saki matasa da karnuka. Wannan shi ne fita daji irin namu, tun kafin a san takalmin yawo da jakar goyo. Inda ake yinsa har yau ana fita da yawa, da kuwwa da sanduna, ƙura har sama. A dawo da yamma da zomo ɗaya da bushiya.

Madarunfa ce kaɗai za ka iya nuna wa baƙo ba tare da dogon bayani ba. Tabki ne na sosai, kudu da Jiratawa, bai kai kilomita 30 daga Maraɗi ba. In ya cika yakan kai hekta 800, da rani ya ja baya ya bar wa manoma gefensa. Akwai kwalekwale, akwai tarwaɗa da karfasa, akwai zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, kirinjijiya na tashi garke-garke. Kewaye da shi kaburburan waliyyai 99 ne, in ji mutanen garin. Tun 2006 sunan wurin ke cikin jerin da Nijar ta miƙa wa UNESCO, yana jiran layi. Masu zuwa dai suna zuwa, ba su jira UNESCO ba. Sai dai ba tsuntsu suke zuwa gani ba. Wannan haihuwa take nema, wancan jarrabawa ce gabansa. Su yi addu'a, su ba da sadaka, su sayi soyayyen kifi a takarda.

Gaba da nan dajin Babban Rafi ne, wajen iyaka. Har shekarun 1990 giwaye na shigowa cikinsa daga Najeriya, su ɓata gonaki su koma. Yanzu motocin itace ne ke fitowa daga can, lodi har ya fi motar tsawo. Ba na ce maka ka je ba. Tun da 'yan bindiga suka san hanyoyin dajin, mutanen Gabi da ke kusa da shi ma da rana suke abin da za su yi. In raƙumin dawa kake so, sai arewa, bayan Dakwaro, gandun Gadabeji da aka keɓe tun 1955. A 2018 aka ɗauko guda 8 daga Kure a babbar mota aka kai can. Su ma baƙi ne, an yi musu sauyin wurin aiki.

Shamuwa kuwa ba sai ka je ko'ina ba. Ita ke zuwa. Ana gab da damina za ka gan ta a kan bedi ko tsamiyar tsakiyar unguwa, ta dawo daga kudancin Afirka, tana gyara sheƙar bara. Ba mai jifarta. Tsoho ya ɗaga kai ya gan ta, ba ya cewa tana da kyau. Cewa yake a fiddo iri.

Kada ka ce ba ma shaƙatawa a waje. Muna yi, ba ma dai ba shi suna. Da asuba akwai masu gudu a bakin kwalta, sojoji da 'yan ƙwallo da wani Alhaji da likita ya tsorata. Da kaka akwai kokawa a yashi, tun daga dandalin ƙauye har babban filin da ke ɗauke da sunan ɗan kokawa Kantu. Akwai 'yan dara a gindin bedi, waɗanda suka fi kowa sanin tafiyar inuwa, don tun safe suke binta da tabarma.

Sai 'yan fada. Samarin nan masu zaman shayi su ne suka fi kusa da abin da baƙo mai son shan iska ke nufi. Ranar Lahadi cikin zafi, ko washegarin Salla, za ka gan su uku-uku a kan babur sun nufi garkar mangwaro. Ɗaya na riƙe da buta da gawayi, ɗaya da tabarma, na baya ya rungume lasifika. Su gaida mai garka, su ba shi na goro, ya nuna musu gindin da za su zauna. A hura wuta. Shayi na farko mai ɗaci, na biyu, na uku. A yi karta, a yi gardamar ƙwallon Ispaniya. Sun baro gari don hayaniya, sun zo da tasu. Tsuntsayen da ke kan itacen tuni suka koma garkar gaba. Awa huɗu za su yi a wurin, ba wanda zai ɗaga kai ya dubi reshe, sai in mangwaro ya faɗo.

Hoto ne ke tashinsu. Rana na yin sanyi kowa ya kakkaɓe riga, ya sa tabarau, a nemi inda ya fi kore. A karkata waya yadda bukkar mai garka ba za ta fito ba, da injin ban ruwa, da tulin taki. Ɗaya ya ja da baya, ya ƙara ja, har ya shiga fage. Mai garka na zaune yana kallo, bai ce komai ba sai da ƙafar ta sauka.

"Ɗana, ɗaga ƙafarka. Kan dala ɗari kake tsaye."

"Yi haƙuri, Baba."

Ya ɗaga. Salatin ya kwanta. Mai wayar ya duba ya ce hoton bai fita ba, a sake.